Wa Ya Gaya Masa Jakar Ja Ce?

Anti, don Allah ki taimake ni. Abin nan ya tsaya min a rai, kuma duk wanda na gaya wa sai ya ce ai wasa ne.

Ni tela ce, a falonmu nake ɗinki. Maigidana gyaran waya yake yi, 'yarmu ɗaya, Mimi muke ce mata, tana aji biyu. Bara wani wasan faɗa na intanet ya shigo layin masu gyara, ya kama su kamar mura. Mutum biyar ke haɗuwa su kara da wasu biyar, waɗanda suka rushe hasumiyar abokan gaba su suka ci. Iyaye na ta tsine wa wasan, matasa na cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Ni ban tsine ba. Na ce gara ya zauna a gabana yana yi wa waya ihu da ya tafi inda ban sani ba.

Abokan wasansa huɗu bai taɓa ganin ko ɗaya ba, kowa da sunan bogi. Shugabansu Gizaka ake ce masa, kuma dokarsa ce ba a kashe makirfo, wai kafin ka kunna an gama da kai. To makirfo a buɗe, a tsakiyar falo. Sun san ƙarar kekena, sun san lokacin da nake ƙwala wa Mimi kira ta zo ta ci abinci. Har gaishe ni suke yi, ni kuma da rashin wayo ina amsawa.

Wasan ba a tsayar da shi. In mutum ya fita ana cikin yi, ƙungiyar duka ake hukuntawa. Ranar da suke karawar neman shiga gasa, ƙofa ta datse wa Mimi yatsa. Babanta ya jefar da wayar ya sungume ta. Suka sha kashi, aka mayar da su baya. Ukun suka zage shi son ransu, suka huce. Gizaka bai ce uffan ba. Wallahi da ma zagin ya yi.

Shekaranjiya da yamma ina yankan hannun riga, na ji muryarsa daga wayar, a sanyaye: "Yaya yatsan Mimi? Jar jakar nan ta yi mata nauyi, ku rage mata littattafai."

Almakashi ya suɓuce min. Jakar sabuwa ce, ni na ɗinka ta bayan ciwon yatsan. Na yi tunani har kaina ya yi ciwo, ban tuna ranar da wani ya ambaci launinta a falon nan ba.

Maigidan ya ce na cika sa abu a rai, haka 'yan wasa ke tsorata juna, kuma in ya fita yanzu za a ce ya gudu. Amma yau da safe na gan shi ya leƙa titi kafin ya bar Mimi ta fita, abin da bai taɓa yi ba. Rabin layin masu gyara suna wasan nan. Yanzu duk namijin da ya gaishe ni a hanyar makaranta, muryarsa nake saurara. Tsoro nake ji, Anti. Me zan yi?

Maman Mimi

*

Maman Mimi, tsoronki yana kan hanya, kada kowa ya mayar da ke mai ƙorafin banza.

Zan yi wa maigidanki adalci. Wasan ba shi ne mugu ba, dubban mutane na yinsa su tashi lafiya, kuma gaskiya ne bakin 'yan wasa ya fi hannunsu kaifi. Yana yiwuwa ma hoton Mimi da jakar ya hau wani shafi kun manta. Ku duba wayoyinku yau. In kun same shi, ku sauke.

In ba ku samu ba, to makirfo ba ya ɗaukar launi. Mutumin nan ya ga 'yarki da idonsa, ko wani ya gano masa, kuma so yake ku san haka.

Saboda haka kada Mimi ta ƙara tafiya ko dawowa ita kaɗai. Ki je wurin shugaban makarantar da kanki, ki faɗi waɗanda aka yarda su ɗauke ta, ban da su babu kowa, ko da ya ce abokin babanta ne. Maigida ya adana duk wani saƙo na Gizaka, ya kai ƙara wurin masu wasan da wurin 'yan sanda. Kada ya tanka masa, kada ya yi masa barazana, ya fita daga ƙungiyar shiru. In zai ci gaba da wasa, da wasu mutane, kuma ba a falo ba.

Kada ki tunkari maigidanki da faɗa. Mutumin da ya leƙa titi ya riga ya yarda da ke, kunyar abokai ce ta riƙe shi. Ki tuna masa cewa ranar da Mimi ta yi ƙara, bai tsaya tambayar me za a ce ba, jefar da wayar ya yi. Wannan karon kada ya jira sai ya ji ƙarar.

Allah ya tsare Mimi, ya kwantar miki da hankali.