Garmar da Kuka Harba da Lantarki Ta Hana Ni Sakat

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Ƙarafa na jami'ar da ta turo mana ɗalibi nan garin Zuru.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya. Ni maƙeri ne, kuma hadari ya fara haɗuwa, shi ya sa ba zan ja zance ba.

Na ɗaya. Bara da rani ɗalibinku ya zo maƙerata ya karɓi bakin garma, ya ce za a kai shi ƙasar waje a harbe shi da wutar lantarki mai ƙiftawa kamar walƙiya. Wai fatar ƙarfen kaɗai ke narkewa ta daskare nan take, ƙwayoyinta su sake tsari, ta yi tauri. Na yi dariya, na ba shi. Ya dawo da shi yana sheƙi, ya ce a gwada a gona, amma kada a wasa shi, don taurin bai kai kaurin ɓawon albasa ba.

Na biyu. Na ba da garmar ga Danladi, ɗan maƙwabcina, wanda ke golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukansa kafin a ba shi mata. Ƙasarmu tsakuwa ce. Sauran samari na tsayawa wasa garma, shi yana ta jan kunya, har damina ta fita bakin bai dakushe ba.

To, a nan na shiga uku. Gari ya ɗauka asiri na yi wa garmar. Daga Mahuta har Bena ana zuwa neman irinta, in na ce ba ni da ita sai a ce rowa ce. Waɗanda ubana ya yi wa ƙira sun daina gaishe ni. Dattawan cocinmu sun kira ni sun tambaye ni wane boka nake bi. Ni da ban taɓa ganin injin da ya yi aikin ba! Raina ya ɓaci ƙwarai, barci ma gagarata yake. Salular ɗalibin kuwa kullum a kashe.

Roƙona ɗaya ne. Ku turo shi ran kasuwa, kafin a yi shuka, ya tsaya ya faɗa wa mutane da bakinsa abin da aka yi wa ƙarfen nan. Kun sami sakamakon bincikenku, ni ku maido mini da sunana.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka da zargin abin da ba ka aikata ba.

Wassalam.
Maƙeri, daga Zuru.