Garkuwar da ake aunawa a sikeli

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya ƙafar Baba? Ya Goggo da jikin tsufa?

Albishirinki, na warke! Ƙurajen nan masu ruwa da suka feso min a haƙarƙari sun bushe, jiya har na koma wurin aikina na guga. Da ma ba wani abu ba ne, kwanciya ce kawai ta gagare ni, riga ma in ta taɓa wurin kamar wuta. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta samu jikina a gajiye, sai ya ba ni maganin da ke ƙarfafa garkuwar jiki.

To, kalmar garkuwar nan ce ta ruɗe ki a waya, har kika ce in aiko da ragowar a raba wa kowa don tsari. Na yi dariya har abokiyar ɗakina ta leƙo! Inna, ba maganin tsari ba ne. Don Allah kada a nema wa Baba irinsa. Likita ya ce mai tsakuwar ƙoda ko kumburin gaɓoɓi irin na Baba, maganin na iya tayar masa da ciwo. Ni ma sai da aka duba jinina, aka ce in yi ta shan ruwa.

Kuma ba a shan sa da ka. Sai an ɗora mutum a sikeli, nauyinsa ne ke faɗin yawan ƙwayar da zai sha. Ni kaɗan aka rubuta min. Kada ki sa komai a ranki, ina cin abinci sosai, sikelinsu ne ba shi da kirki.

A ci gaba da sa ni a addu'a.

'Yarki