Gida na Biyar Daga Rijiya

Fakku, 4 ga Yuli

Ƙanena Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya Tambuwal? Tun da ba ka ɗaukar waya, ga takarda ta hannun Ɗangiwa direba.

Jiya aka buɗe zanen da ka yi a bangon makarantar garinmu. Kai, madalla! Fakku kaf, gabas har yamma, kamar mutum ya hau tudu: masallaci, kasuwa, fadama, har jakin Almu mai yankakken kunne. Kowa ya sa yatsa yana neman gidansu.

Inna ma ta je, da atamfarta ta sallah. Ta fara ƙirga daga rijiya, gida fuɗu, na biyar namu. Sai ga tsamiya. Ta sake ƙirgawa. Tsamiya dai. Ba gidan, ba ramukan jimar marigayi Baba. Ni ko na rasa inda zan sa fuskata.

Fenti ne ya ƙare maka?

Yayarka,
Hinde

Tambuwal, 9 ga Yuli

Yaya Hinde,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa.

Ba fenti ba ne. Na zana gidan, har da fatun da aka shanya bisa katanga. Sai malaman da muke koyarwa tare suka bugo waya wai suna tafe kallo. Yaya, shekara bakwai ina ce musu gidan malamai na fito, ban taɓa cewa ɗan majemi ne ni ba. Kafin su iso na ɗauki koren fenti na rufe gidan da tsamiya. Suka yaba tsamiyar, ni kuma na yi godiya.

Fatun nan ne suka kai ni kwaleji. Wallahi kunya nika ji, ko madubi ba ni son kallo.

Asabar ina tafe in gyara. Don Allah ki ce wa Inna mantuwa ce.

Ƙanenki mai laifi,
Abdurra'uf

Fakku, 11 ga Yuli

Abdurra'uf,

Sallama. Mantuwa? Ita ta haife ka fa.

Bar fentinka. Shekaranjiya ta dasa 'yar tsamiya a ƙofar gida, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki, tana ba ta ruwan alwalarta. Ta ce ba za a ce ɗanta ya yi ƙarya a bango ba.

Ka zo da kanka. In hanya ta ɓace maka, gida na biyar ne daga rijiya.

Ka huta lafiya,
Hinde