Ɓerayen Auta da Tiyatar Baba

Auta,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu kam ba lafiya. Baba ya sake ƙin tiyata. Fitsari sai ɗigo-ɗigo, yini yake yana zarya tsakanin kujera da banɗaki. Likita ya ce furostet ɗin, wato 'yar tsokar nan ta ƙarƙashin mafitsarar maza, ta kumbura, in aka yi wasa ciwon zai taɓa ƙoda. Amma duk wanda ya zo dubiya sai Baba ya ce masa, "Autata na haɗa maganin da ɓerayenta, ita nake jira." Hankalina ya kasa kwanciya. Ki yi wani abu.

Ki huta lafiya,
Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ku. Wane magani kuma! Ɓerayen nan an sauya musu ƙwayar halitta ne don furostet ɗinsu ta riƙa ba da koren haske a ƙarƙashin madubin bincike, mu ga yadda take tsirowa a jikin jariransu. Iyakar aikina ke nan. Kuma yanzu suke haihuwa, in na matsa suka girma ban ɗauki hotunan ba, wahalar shekara guda ta tashi a banza. Tun da na karanta wasiƙarki nake kai da komo a gaban kejin ɓerayen kamar wadda ta ɓatar da makulli. Ki karanta masa wannan, kada ki rage komai.

A gaida Baba,
Auta

Auta,

Sannu da aiki, uwar ɓeraye. Na karanta masa. Sai ya ce in miƙo masa biro. Ga tasa nan a ciki.

Yayarki

Autata,

Allah ya yi miki albarka. Na san ba magani kike haɗawa ba, kin yi mini bayani tun zuwanki na bara, kuma tsufa bai cinye mini kai ba. Tsoro nake ji. Mahaifiyarku da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, ba ta fito ba. Na ji kunyar faɗa wa masu dubiya haka, shi ya sa na fake da ɓerayenki.

Na amince, ranar Laraba za a yi. Kada ki bar aikinki saboda ni. Amma idan akwai wanda zai iya riƙe miki kejin nan, ina so in ga fuskarki kafin su sa ni barci.

Na bar ki lafiya,
Babanki