Ankon Maman Rifkatu ya koma ruwan goro

Alhamis, da dare

Maman Rifkatu ta dawo min da albam ɗin bikin 'yarta da na haɗa mata, ta jefa kan tebur. "Madam, ankonmu ja ne. Wa kika gani sanye da ruwan goro?"

A sikirin ɗin sabuwar kwamfutata ja yake. Sai da aka wanke hotunan asiri ya tonu.

Na faɗa wa mijina kafin ya tafi Titin Bauchi sayo ta: mai gyaran hoto sikirin take fara dubawa, kafin sauri. Ya ce in bar wa maza zancen inji, ya je ya sayo mai sauri.

Ga shi can yana minshari. Gobe shi zai je Anguwan Rukuba ya gaya wa Maman Rifkatu da matan zumuntar cocinsu masu ankon cewa ai kwamfutar tana da sauri.