Waɗanda Ba Ka Tambaya Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ya jikin Inna?

Na rubuto ne don in na zo ofishinka na jami'a muryata za ta tara maka jama'a. Jiya aka liƙa sanarwa an soke ajin ƙarin bayani na ranar Asabar, wai bincike ya nuna ɗalibai tara cikin goma suna cin jarrabawa, ba a bukatarsa. Na duba ƙasan takardar, sai ga sunanka.

Na bi diddigi. Ashe a ƙofar laburare ka raba takardun tambayoyin, ranar Talata da hantsi. Auta, wa ke laburare Talata da hantsi? A lokacin ina kan keken ɗinki, wadda muke zama benci ɗaya tana raba magani a asibiti, direban da ke zama bayanmu a aji yana kan titi. Wanda ya faɗi kuwa, ko ka tare shi, rubuta maka makinsa zai yi? Ninke takardar zai yi ya wuce.

Ni na goya ka, ni na bar makaranta don ka ci gaba. Na dawo karatu da furfurata, kuma a ajin nan kaɗai lissafi ke shiga kaina. Ka sani, a falonka na faɗa maka.

Ka gaida kowa.
Yayarka.

Auta,

Ina gaishe ka, da fatan mutanen gida lafiya. Na ga amsarka, wai ka bi ƙa'ida.

Sati biyu na yi ina bin 'yan ajinmu shago-shago, har tashar mota. Mutum hamsin da bakwai suka rubuta mini makinsu, wasu suna sunkuyar da kai. Na kai wa shugaban sashe. Ya jujjuya takardun, ya ce ba za su karɓu ba, ɓangare ɗaya kawai na tambaya. Na ce ya yi gaskiya, to wanda ke liƙe a allonsa ɓangare nawa aka tambaya? Agogo ya duba.

Ba a dawo da ajin ba. Direban ya ajiye karatu.

Mu goma sha ɗaya muna haɗuwa a shagona duk Asabar, mu zagaye teburin yanka, ba malami, kowa yana koya wa wani abin da shi ma bai gane ba. Kai ka iya lissafin nan. Ƙarfe huɗu muke farawa. In ba za ka zo ba, kada ka aiko mini da gaisuwa.

Yayarka, wadda ba ta huce ba.