Abokina ya ɗauki labarina da Baba Yakubu ya kai kamfen ɗin ɗansa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara. Ni dattijo ne, aikin rediyo na yi a nan Landan har na yi ritaya, sana'ata tantance labari kafin a karanta shi, amma yau ga labari a hannuna na rasa yadda zan yi da shi.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a flat ɗina a Stratford ni da Hajiya, sai aka turo mini wani bidiyo daga Amurka. Abokina ne a ciki, bari in kira shi Sule, tare muka zo karatu. Ɗansa yana takarar fid da gwani a jam'iyyarsu, yana neman kujerar majalisar wakilai ta can, kuma yaron takwarana ne, sunana aka sa masa. Kwanakin baya an naɗi muryarsa a wani taro yana cewa Yahudawa ne suka saye abokiyar takararsa, ai an san halinsu da kuɗi. Na saurara da kyau. Bai ce gwamnatin Isra'ila ba, bai ce wata ƙungiya ba, Yahudawa ya ce. Aka yi ca a kansa, ya fito ya nemi afuwa, sannan mutanen kamfen suka fitar da wannan bidiyo na mahaifinsa don a ga irin gidan da ya fito.

A bidiyon Sule yana ba da labarin wani tsoho Bayahude da ya ba shi ɗaki a Landan lokacin da Turawa ke rufe mana ƙofa. Ya ce duk Asabar tsohon yakan roƙe shi ya kunna masa hitar ɗumama ɗaki, shi kuwa yana yi da farin ciki, har da share hawaye. Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ai labarinka ne."

Ga yadda abin ya faru. Mun zo zamanin da kuɗin mai ya ɓarke a gida, gwamnati na turo ɗalibai kwas jirgi-jirgi. Aljihunmu da nauyi, amma ka buga waya a ce akwai ɗaki, ka je a ga fuskarka a ce yanzun nan aka kama. Wani tela ne a gabashin Landan ya karɓe mu, sunansa Yakob, muka riƙa kiransa Baba Yakubu. Shi kaɗai ya tsira a gidansu daga kisan da aka yi musu a Turai. Shi ya kai mu wurin mahaucinsu, don a lokacin naman halal sai an yi tafiya. A addininsu ba a kunna wuta ran Asabar, kuma ba a umartar wani ya kunna maka. Sai dai tsohon ya tsaya bakin matakala yana murza hannu, ya ce, "Yau gidan nan da sanyi." Na daɗe ina amsa masa da cewa lallai kam akwai sanyi, in wuce abina, kafin in gane hita yake so a kunna. Daga nan ya zama aikina.

Sule bai taɓa kunna hitar nan ba. Da aka yi yaƙin Larabawa da Isra'ila, ya tsaya a taron ɗalibanmu a Bloomsbury ya ce akwai yaron Bayahude a cikinmu, mai hura masa wuta kamar bawa. Aka yi dariya. Sallar shekarar na dafa shinkafa na kai taron ɗaliban, haka na dawo da tukunyata ba wanda ya taɓa. Sule ya kwashe kayansa, a bakin ƙofa ya gaya wa tsohon magana a kan jinsinsa wadda ba zan rubuta ba. Baba Yakubu ya riƙe masa ƙofa har ya fitar da akwati.

Bayan shekaru Sule ya nemi sulhu, ya yi mini takwara, na ɗauka wannan ne neman gafararsa, na rufe maganar. Ko iyalina ban taɓa gaya wa abin da ya yi ba sai wannan makon. Labarin hita kuwa ni da bakina na ba da shi a walimar auren yaron, ana ta dariya, Sule na zaune kusa da ni.

Na kira shi. Na ce Sule wane ne ya kunna hita? Ya yi dariya ya ce, "Kai Malam Gyara, har yanzu kana nan da jan biro? Ni da kai ai ɗaya ne, gida ɗaya muka zauna." Na ce gida ɗaya muka zauna amma ba fita ɗaya muka yi ba. Sai murya ta canja. Ya ce tsohon ya mutu tuntuni, ba abin da zai rage shi, yaro kuwa yana da rai, kuma idan ya faɗi zaɓen nan saboda ni to in sani na kashe ɗana da hannuna. Ya ce mutanenmu nawa suka taɓa kaiwa nan. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko sau ɗaya bai ce yi haƙuri ba. Ashe ma ya riga ya ba mutanen kamfen lambata a matsayin shaida, ba tare da ya tambaye ni ba.

Shi ya sa ranar Talata jikar Baba Yakubu ta kira ni, wata malamar makaranta a arewacin Landan. Mutanen kamfen sun nemo ta, suna so ta naɗi saƙon goyon baya da sunan kakanta. Ta ce tana so ta yi, don mahaifiyarta ta sha ba ta labarin ɗalibin Najeriya mai kirki. Abu ɗaya ne ya tsaya mata. Ta ce kakanta mutum ne mai tsananin kiyaye addini, ba zai taɓa buɗe baki ya roƙi a kunna masa wuta ran Asabar ba, to me ya sa wannan bawan Allah yake cewa an roƙe shi? Ta ce ko tsufa ne ya sa ya manta? Na ce mata ina cikin jirgin ƙasa ba na ji sosai, zan kira ta. Alhali ina falona a zaune.

To jama'a ga inda nake. Idan na ce mata Sule ne, za ta ɗauki sunan mutumin da ya ba mu matsuguni ta wanke wanda ya zage shi a bakin ƙofarsa. Idan na faɗi gaskiya, ba ta da dalilin yin shiru, kuma abokan hamayya na jira, yaron zai sha kunyar ƙaryar da ba shi ya yi ba, ko da yake maganar farko daga bakinsa ta fito, kuma yanzu ina tambayar kaina a wane gida ya koye ta. Hajiya ta ce in bar matar, in kira yaron in gaya masa komai, shi ya janye bidiyon da kansa. Amma wannan yana nufin in gaya wa ɗa wane ne ubansa.

In gaya wa matar gaskiya? In fara da yaron? Ko in ce ban tuna ba, in bar su da Allah? Masu ilimi a cikinku, shin shirun da zan yi a nan shaidar zur ce?

Jiya takwaran nawa ya turo saƙon murya da Hausarsa mai gargada. Ya ce, "Baba na gode, Daddy ya ce ka yarda za ka yi mana shaida." Ban amsa ba tukuna.